Asalin Sunan Barno: Waiwaye a kan Harshe, Ƙasa da Tarihi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sassan nazarin harshe, da wuya a sami wanda kowa ke tsoma baki a cikinsa kamar nazarin asalin sunayen garuruwa da ƙasashe. Malami da ɗalibi da ɗan kasuwa da maroƙi, kowa yana da nasa bayani, kuma galibi bayanin da ya fi daɗin ji shi ne ke yaɗuwa, ko da kuwa ba shi da madogara. Sunan Barno yana cikin waɗanda suka gamu da wannan matsala. Shekara da shekaru ɗalibai suna rubuta wa malamansu a kundayen digiri cewa kalmar ta samo asali ne daga Larabci, wato "Barru Nuh", ƙasar Annabi Nuhu (A.S.), su wuce ba tare da sun tsaya sun auna maganar ba.

Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin auna ta. Abin da nake son nunawa shi ne, sunan Barno ya riga sarautar da ta shahara da shi zama a wannan ƙasa, sa'annan faɗin ƙasar da ake nufi da sunan bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Ya faɗaɗa da ƙarfin mulki, ya kuma tsuke da rauninsa. Saboda haka duk wanda ke neman tarihin sunan, wajibi ne ya haɗa hujjar harshe da ta labarin ƙasa da ta rubuce-rubucen da aka gada.

2.0 Barno, Borno ko Bornu?

Ya kamata a fara da siffar kalmar kanta, domin iri uku ake gani a rubuce. Masu ƙasar, wato Kanuri, "Borno" suke cewa, kuma shi ne sunan da jihar ta ɗauka a hukumance da aka ƙirƙiro ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976. Turawan mulkin mallaka kuwa "Bornu" suka riƙa rubutawa. Dalili shi ne ta hanyar littattafan Larabawa sunan ya fara isa Turai, kuma a rubutun Larabci baƙaƙe huɗu ne kawai ake gani, wato ba da ra da nun da wawu. Tun da Larabci ba shi da wasalin /o/, sai aka karanta wawun ƙarshe a matsayin /u/.

Bahaushe kuma ya ce "Barno". Wasu na ɗaukar wannan a matsayin kuskuren furuci, wasu kuma suna kafa hujja da shi cewa ai ga "bar" ɗin Larabci nan a fili. Duka biyu ba haka ba ne. Sanannen abu ne ga masu nazarin tsarin sautin Hausa cewa wasulan /e/ da /o/ ba su cika zama a rufaffiyar gaɓa a tsakiyar kalma ba, sukan koma /a/. Shi ya sa jam'in "reshe" ya zama "rassa", na "gefe" ya zama "gyaffa", na "kore" kuma ya zama "kwarra". Gaɓar farko ta "Borno" rufaffiya ce, don haka da ta shigo bakin Bahaushe sai ta bi wannan doka. Ke nan /a/ ɗin da ke cikin "Barno" aikin harshen Hausa ne, ba shaida ce ta asalin kalmar ba. A wannan muƙala siffar Hausa zan yi amfani da ita, tun da da Hausa ake magana.

3.0 Batun "Ƙasar Nuhu"

Wannan bayani ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1790 ya fito a rahoton da wata ƙungiyar binciken Afirka ta Landan ta buga, inda wakilinta Simon Lucas ya kawo abin da ya ji daga fataken Arewacin Afirka, cewa ma'anar sunan ita ce ƙasar Nuhu, wai don a kan duwatsunta jirgin ya tsaya bayan ruwan ɗufana. Tsufan magana dai ba ya mayar da ita gaskiya, kuma akwai abubuwa da dama da ke raunana wannan.

Na farko, sunan Nuhu a Larabci da harafin ha yake ƙarewa, kuma marubutan Larabawa na ƙarni na 14 da suka ambaci Barno sun rubuta ta ne kalma guda, ba tare da wannan harafi ba. Da a ce kalmar tasu ce, da su ne za su fara gane ta. Bahaushe ma bai yar da /h/ ɗin "Nuhu" ba a ko'ina, don haka da daga nan sunan ya fito, da "Barnuhu" za mu ji. Na biyu, tsakiyar ƙasar Barno shimfiɗaɗɗiya ce, sai an nausa kudu zuwa Gwoza da duwatsun Mandara kafin a ga dutsen kirki. Ga shi kuma Alƙur'ani mai girma, a Suratu Hud, ya ambaci inda jirgin ya tsaya da suna Judiyyu, kuma malaman Barno, da suka yi fice wajen haddar Alƙur'ani da tafsirinsa, ba su ne za su jahilci wannan ba.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi a ganina. A shekarar 794 ta Hijira, wato 1391 zuwa 1392 Miladiyya, wasiƙar Mai Usman ɗan Idris ta isa hannun Sarkin Masar Barƙuƙ, yana kai ƙarar Larabawan Juzam da ke kama talakawansa Musulmi suna sayarwa. Al-Ƙalƙashandi ya adana wasiƙar a littafinsa Subhul A'sha. Mai Usman yana neman duk abin da zai ɗaukaka darajarsa a idon Masarawa, kuma abin da ya yi tinƙaho da shi shi ne cewa gidansu zuriyar Saifu ɗan Zi Yazan ne, har ya danganta Saifu da Ƙuraishawa. Al-Ƙalƙashandi kansa ya yi gyara a kan wannan, ya nuna Saifu mutumin Himyar ne na Yaman. Sarkin da ya kai ga wannan wajen neman nasaba, da wuya ya bar maganar cewa ƙasarsa ta Annabi Nuhu ce, in da an san ta a fadarsa.

Irin wannan fassara ta kamancin sauti ba Barno kaɗai ta shafa ba. Mu ma muna da tamu, ta cewa "Hausa" daga "hau sa" ta fito. Haka kuma ana cewa "Kanuri" daga "nur" ne, wato mutanen haske. Turawa ma ba su tsira ba, domin duk wanda ya karanta littafin H. R. Palmer na 1936 a kan Barno da Sahara da Sudan zai ga yadda yake haɗa kalmomin harsunan da ba su da dangantaka don kawai sun yi kama a kunne. Waɗannan bayanai suna da amfaninsu, domin suna nuna mana yadda al'umma ke son a gan ta. Amma wurinsu shi ne fagen adabin baka, ba fagen tarihin kalma ba.

4.0 Ƙasar Kafin Sunan

Akwai abin da ya sa labarin ruwan ɗufana ya zauna daram a zukatan mutane, shi ne cewa ƙasar da gaske ta taɓa zama ƙarƙashin ruwa. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, wato fiye da sulusin faɗin Nijeriya ta yau. Gaɓar wannan tsohon tafki ba ta ɓace ba. Ita ce doguwar jigawar nan da masana ke kira Tudun Bama, wadda ta ratsa ta Maiduguri ta nufi Bama, a kan tsayin kimanin mita 320 daga doron teku. Mazaunin Maiduguri da ke hawa ɗan tudu a hanyarsa ta zuwa aiki bai cika sanin cewa bakin tsohon tafki yake takawa ba.

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe a yau, ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Binciken da masana na Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka yi ya nuna tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma sun kai kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka gano a Afirka. Da ruwan ya soma ja da baya, sai mutane suka bi sawunsa. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, an sami kufan makiyayan shanu da suka zauna tun wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), waɗanda daga baya suka soma noman gero. A Zilum kuma an gano gari mai gwalalo kewaye da shi, na wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ke nuna cewa zaman birni a wannan yanki ya daɗe ƙwarai kafin zuwan Musulunci ko fataken Sahara. Can gabas, a baƙar ƙasar laka da ake kira firki, inda ake noman masakwa bayan ɗaukewar damina, Graham Connah ya haƙa tudun Daima a 1965 da 1966, ya tarar da zaman mutane hawa-hawa na fiye da shekara 1,500.

Su wane ne waɗannan mutane? Tarihin baka na Kanuri yana kiran mazaunan farko "So" ko "Sau", yana kuma siffanta su da ƙattai masu manyan tuluna. Idan aka ajiye ƙarin gishirin, abin da taswirar harsuna ke nunawa a fili yake. Harsunan da suka kewaye Kanuri ta yamma da kudu da cikin tafkin kansa, kamar Bade da Ngizim da Bura da Margi da Malgwa da Wandala da Kotoko da Buduma, duk 'yan gidan Cadi ne, gidan da Hausa ta fito. Kanuri kuwa ɗan gidan Sahara ne, danginsa su ne Kanembu da Teda da Daza da Zaghawa. Siffar taswirar ta yi kama da ta harshen da ya shigo daga arewa maso gabas ya tsaga tsakiyar wasu, ya tura su gefe ko ya haɗiye su. A nan akwai wani abin ban sha'awa ga manazarcin Hausa: harshenmu da sunan wannan tafki masana suka yi wa danginsa laƙabi, alhali harshen da ya mamaye bakin tafkin a yau ba ya cikin dangin.

5.0 Daga Kanem zuwa Barno

Sunan Kanem ya fi na Barno sauƙin warwarewa, kuma ya riga shi bayyana a rubuce. Al-Ya'aƙubi ya ambace shi tun wajen shekarar 872 Miladiyya, a matsayin mazaunin Zaghawa. A Kanuri "anəm" na nufin kudu, haka ma a harshen Teda, kuma /k/ ɗin farko ɗafa-goshi ne da harshen ke yawan amfani da shi wajen gina suna. Ke nan Kanem na nufin ƙasar kudu. To, kudu da ina? Ga mutumin Maiduguri Kanem arewa maso gabas take. Sai ga wanda ke tsaye a Tibesti ko Kawar ne take kudu. Sunan da kansa ya faɗi inda masu raɗa shi suka fito.

A nan ne gidan Saifawa ya kafu da Mai Hummai a ƙarshen ƙarni na 11, ya kuma bunƙasa a ƙarni na 13 zamanin Mai Dunama Dibbalemi, da hedkwata a Njimi. Ibn Khaldun ya kawo labarin raƙumin dawa da aka aika wa Sarkin Tunis a 1257, ya kira mai aikawar Sarkin Kanem kuma mai Barno. Al-Umari, wanda ya rasu a 1349, ya ambaci Barno daban, Kanem daban. Shi kuwa Ibn Batuta, da ya sauka Takedda a 1353, ya ce ana kai tagullar garin zuwa Gobir da kuma Barno, mai nisan tafiyar kwana 40, ya ƙara da cewa mutanenta Musulmi ne, sarkinsu Idris ba ya bayyana ga jama'a, sai ta bayan labule yake magana.

A lura da waɗannan shekaru da kyau. Saifawa ba su bar Kanem ba sai a shekarun 1380, lokacin da yaƙin Bulala ya tilasta wa Mai Umar ɗan Idris yin ƙaura zuwa Kaga, yamma da tafki. Amma ga sunan Barno a littattafan Masar da Magrib shekaru da dama kafin wannan ƙaura. Ma'ana, masu sarauta ba su zo da sunan a cikin kayansu ba. Sun tarar da shi ne a matsayin sunan wani yanki da suka daɗe suna neman mallaka. Kuma mallakar ba ta zo da sauƙi ba, domin Diwanin sarakunan Barno, wanda Heinrich Barth ya samu kwafensa a Kukawa, Dierk Lange kuma ya tace shi ya buga a 1977, ya nuna sarakuna huɗu a jere sun rasu a hannun So a ƙarni na 14.

Wannan ne ya sa nake ganin an daɗe ana neman tushen kalmar a inda ba ya nan. An nema a Larabci, an nema a harsunan Berber. Amma idan sunan ya riga Saifawa zama, kuma mazaunan yankin a lokacin masu harsunan Cadi ne, to a sunayen wurare na Bade da Ngizim da Malgwa da Kotoko ya fi cancanta a zurfafa bincike. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan sassan harsuna na jami'o'inmu, musamman waɗanda suka ƙware a kwatancen harsunan Cadi. Kuma aiki ne da ba ya jira, domin rikicin da ya addabi yankin tun 2009 ya tarwatsa ƙauyuka masu yawa, ya tara mutanensu a sansanoni da unguwannin birni, inda yara ke tashi da Hausa da Kanuri. Dattijon da ya san sunan kowace fadama da kowane kufai da harshen kakanninsa, in ya tafi ya tafi da su.

Bayan kusan ƙarni guda na yawo da rikicin gida, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu wajen 1470, kusa da kogin Komadugu Yobe. Daga nan ne sunan ya fara faɗaɗa. Mai Idris Katagarmabe ya sake shiga Njimi a farkon ƙarni na 16, sai Kanem, wadda a da ita ce uwa, ta koma lardi. Zamanin Mai Idris Alauma, wanda limaminsa Ahmad ɗan Furtuwa ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa a 1576 da 1578, ikon Barno ya kai Kawar ta arewa, ya kuma taɓa iyakar Kano ta yamma. Sunan da a da yake na yanki guda ya zama na daula.

6.0 Barno a Bakin Bahaushe

Ga Bahaushe, Barno ita ce "gabas". Idan aka ce almajiri ya tafi gabas, kowa ya san ba alƙibla kawai ake nufi ba, ana nufin ya tafi neman Alƙur'ani a tsangayun Barno. Kalmomin "tsangaya" da "gwani" kansu daga Kanuri muka aro su. Tarihin Bayajida ya biyo da shi ta Barno kafin ya iso Daura, ya kuma ce ya bar matarsa, 'yar Mai, a Garun Gabas. Tarihin Kano ya kawo zuwan Dagaci, wani ɗan sarautar Barno, zamanin Sarki Dauda (1421-1438), ya kuma ce Abdullahi Burja (1438-1452) ne ya fara aika gaisuwa Barno. Wannan ya dace da lokacin da Saifawa ke neman wurin zama yamma da tafki.

Greenberg (1960) ya nuna yawan kalmomin da Hausa ta aro daga Kanuri, har da waɗanda asalinsu Larabci ne amma suka biyo ta Barno. Misali mafi kyau shi ne "kasuwa", daga "kasugu" na Kanuri, wanda shi kuma "suƙ" ne na Larabci da aka liƙa wa ɗafa-goshin nan na /k/ da muka gani a Kanem. Wasu sarautunmu ma labarin ƙasar Barno ne a dunƙule. Galadima shi ne mai Galadi, wato yankin yamma, wanda ya zauna a Nguru yana tsaron iyaka da ƙasar Hausa. Yarima kuma mai Yeri ne, wani yanki na arewa. Ɗafa-ƙeyar "-ma" a Kanuri tana nuna mai abu ko mutumin wuri. Yau akwai Galadima a Kano da Katsina da Zazzau, an ɗauki sarautar an bar ƙasar da ta ba ta suna.

Sai kuma sunan mutanen. Bahaushe yana da "Barnawa", wanda ya ginu a kan sunan ƙasar kamar Kanawa da Katsinawa, amma wanda ya fi amfani da shi shi ne "Barebari", tilonsa Babarbare da Babarbariya. Shi ne a Zangon Barebari na birnin Kano, shi ne kuma a Lafiyar Barebari ta Jihar Nasarawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, ya danganta asalin mutanen Barno da Barbar, wato Berber, kuma tun kafin shi Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ce gidan sarautar daga Bardawa na hamadar Libiya yake. Wannan na iya bayyana yadda maƙwabta suka ɗauki gidan sarauta, amma ba ya mayar da harshen Kanuri ɗan'uwan harsunan Berber, domin ba gidansu ɗaya ba. Su kuwa Kanuri "Afuno" suke kiranmu. Kowane ɓangare ya riƙe sunan da ya raɗa wa ɗan'uwansa ɗaruruwan shekaru, alhali ba wanda ke kiran kansa da shi.

7.0 Tsukewar Sunan

A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Ngazargamu. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ne ya ceto daular, ya kafa Kukawa a 1814, garin da ya ci sunan itacen kuka, kalmar da Hausa da Kanuri suka yi tarayya a kanta. Ɗansa Shehu Umar ya kawo ƙarshen sarautar Saifawa a 1846. A lura da laƙabin wannan gida: al-Kanemi, wato mutumin Kanem. Gidan sarauta ya sauya, hedkwata ta sauya, amma sunan ƙasa bai motsa ba. Rabe ma da ya rushe Kukawa a 1893 ya koma Dikwa, Barno ya ci gaba da mulka har aka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900.

Turawa ne suka yanka ƙasar. Ingila ta ɗauki mafi girman kaso, Jamus ta ɗauki Dikwa, Faransa kuma ta riƙe Kanem da Damagaram da ƙasar Mangawa ta arewacin Komadugu. Har aka wayi gari da Shehu biyu daga gida ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin Ingila, ɗaya a ƙarƙashin Jamus. Dikwa ba ta tabbata a cikin Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Da aka cire Jihar Yobe ranar 27 ga Agusta, 1991, sai kufan Ngazargamu, inda aka mulki Barno fiye da shekara 330, ya faɗa wajen jihar da ke ɗauke da sunan. Haka ma Nguru ta Galadima. Kanem kuwa lardi ce a Jamhuriyar Cadi, da hedkwata a Mao.

Irin wannan ya faru a wasu sassan duniya, kuma wani lokaci da mummunan sakamako. Masedoniya ta yankin Balkan sunan tsohuwar daular Iskandari ce, wadda aka raba ƙasarta tsakanin Girka da Sabiya da Bulgeriya bayan yaƙe-yaƙen 1912 da 1913. Da ɓangaren da ke cikin Yugoslabiya ya sami 'yanci a 1991 ya ɗauki sunan, sai Girka ta ce ba ta yarda ba, sunan gadonta ne. Shekara 27 aka yi ana jayayya kafin yarjejeniyar Prespa ta 2018, wadda ta sa ƙasar ta koma Masedoniya ta Arewa a 2019. A tafkin Cadi ba a yi rigima a kan suna ba, amma an yi a kan ƙasa. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 bayan farin shekarun 1970 da 1980. Masunta da manoma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka bi ruwan kamar yadda mutanen Gajiganna suka yi, suka kafa ƙauyuka irin su Darak, suna ganin a Barno suke. A ranar 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa a Kamaru suke, bisa layin da Turawa suka shata.

Hedkwatar yanzu ma suna biyu gare ta. Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a 1907, kusa da barikin Turawa na Mafoni, a bakin kogin Ngadda. Ana danganta "Yerwa" da "khair" na Larabci, wato wuri mai alheri, kuma har yau shi ne sunan da 'yan gari suka fi so. Maiduguri kuwa tsohon ƙauye ne da ke kusa, wanda sunansa ya rinjaya a takardun gwamnati da tashar jirgin ƙasa da ta iso a 1964. Shi ma an yi masa tasa fassarar mai daɗin ji, wai "mai" da "duwu" ne, wato sarakuna dubu. Amma a tsarin sarautar Barno akwai "maina", ɗan sarki, akwai kuma "maidugu", jikan sarki, sa'annan ɗafa-ƙeyar "-ri" tana nuna mazaunin wani. Maidugu-ri ke nan, mazaunin jikan sarki. Ba sai an je nesa neman hujja ba, domin ita ce "-ri" ɗin da ke cikin Shehuri, unguwar fadar Shehu, ita ce kuma a Hausari, inda fatake da malamai daga Kano da Katsina da Haɗeja suka sauka tun farkon kafa garin.